Fukar yara a Zariya: wanda ya isa asibiti da wanda bai isa ba

A shekarar 1975 wasu likitoci na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, lokacin yana Tudun Wada, suka wallafa binciken da suka yi a kan masu ciwon fuka 106 a nan Zariya. Jagoransu shi ne David Warrell, Baturen Ingila da daga baya ya yi suna a fannin saran maciji. Abu biyu cikin abin da suka gano sun tsaya mini a rai. Sun ce da wuya ake ganin yaro mai fuka, domin kashi 69 cikin 100 na marasa lafiyar sai da suka haura shekara 19 ciwon ya fara musu. Sun kuma lura cewa 'yan Kudu mazauna Zariya da ɗaliban manyan makarantu sun yi yawa a cikin waɗanda suka duba, fiye da kasonsu a jama'ar gari, suka ƙara da cewa haka lamarin yake ga masu zuwa asibitin baki ɗaya.

In ka ajiye maganganun nan biyu kusa da juna, dole tambaya ta taso. Shin 'ya'yan Zazzagawa ne ba sa fuka a wancan zamani, ko kuwa kai su asibiti ne ba a yi? Yau shekara hamsin ke nan, tambayar tana nan daram, kuma a kanta duk wata magana ta bambancin wuri a ciwon fuka, wato asma, take tsaye. Idan aka ce unguwa kaza ta fi kai yara sashen gaggawa, ko ƙauye kaza ba a ganin 'ya'yansa, abubuwa uku ne aka cakuɗa wuri guda: yara nawa ne ke da ciwon, su wa ciwon ke yi wa mummunan tashi, sannan su wa ke iya kaiwa ƙofar asibiti da rai. Kowanne da abin da ke juya shi, kuma wanda ya ɗauki na uku a matsayin ma'aunin na farko zai kai agaji inda ba nan aka fi bukata ba.

Kafin a shiga wannan, sai a fahimci abin da ke faruwa a ƙirjin yaron. Hanyoyin da iska ke bi zuwa cikin huhu suna da laushi, kuma nama mai motsi ya kewaye su. A jikin mai fuka cikin hanyoyin nan a kumbure yake kullum, ko da yaron yana tsalle-tsalle lafiya lau. Da zarar mura ta kama shi, ko ya shaƙi hayaƙi, ƙura ko iska mai sanyi, sai naman nan ya matse, kumburin ya ƙaru, majina mai kauri ta taru. Iska ta shiga da ƙyar, fitarta kuma ta fi wuya, shi ne kukan da ake ji a ƙirji. Wanda bai taɓa ji ba ya toshe hancinsa ya gwada numfashi ta siririn bututun shan lemo na minti ɗaya. Saboda haka magani iri biyu ne. Akwai mai buɗe hanya nan take, salbutamol, wato shuɗin inhela da aka fi sani da Ventolin. Akwai kuma mai kwantar da kumburin, wanda ake shaƙa kullum ko ana lafiya, irin beclometasone da budesonide. Na farkon yana fitar da yaro daga tashin da ya riga ya zo, na biyun ne ke hana shi zuwa. Yawancin abin da zan faɗa nan gaba ya rataya a kan wane yaro ne ke samun na biyun.

Cewa yawan masu ciwon ya bambanta daga wuri zuwa wuri gaskiya ne, ba ruɗin rajista ba ne kaɗai. A 1979 aka gwada yaran ƙabilar Xhosa a Afirka ta Kudu, ba a asibiti ba, aka bi su inda suke aka sa su gudu aka auna numfashinsu. A cikin waɗanda ke zaune a birnin Kef Tawun an samu sama da kashi 3 cikin 100 masu fuka, a cikin 'yan uwansu na karkarar Transkei kuwa yaro ɗaya tak aka samu cikin ɗaruruwa. Jini ɗaya, harshe ɗaya, mazauni ne kawai ya bambanta. An ga irin wannan a Jimma ta Habasha, an gani a Kumasi ta Gana, inda gwajin 1993 da na 2003 suka nuna ciwon na ƙaruwa, kuma 'ya'yan masu hali na birni suka fi yawa a ciki. Babban binciken duniya da ake kira ISAAC, wanda sakamakonsa na farko ya fito a 1998 bayan an tambayi yara 'yan shekara 13 zuwa 14 sama da 460,000 a ƙasashe 56, ya samu sama da kashi 30 cikin 100 masu kukan ƙirji a Birtaniya, ƙasa da kashi 3 a Indonesiya da Albaniya. Cibiyar Najeriya a wannan bincike Ibadan ce.

Me ke cikin zaman birni da ke jawo haka? Masana ba su tsaya a kan abu ɗaya ba, amma wani bincike na 2016 a Amurka ya haska hanya. Al'ummomin Amish da Hutterite duka manoma ne masu asali daga Turai, suna haihuwa da yawa, suna shayar da nono, abincinsu kusan ɗaya. Amish na noma da dawaki, turken shanu na dab da gida, yara na shiga cikinsa tun suna rarrafe. Hutterite kuwa da manyan injuna suke noma, dabbobi na can nesa da gida. Fuka a yaran Amish kashi 5 cikin 100 ce, a yaran Hutterite kashi 21. Ƙurar gidajen Amish cike take da ƙananan halittu na turke, kuma alamu sun nuna su ne ke horar da garkuwar jikin jariri tun da wuri, ta yadda ba za ta riƙa tayar da hankali a kan abin da ba cuta ba. Duk wanda ya tashi a gidan da awaki da kaji ke yawo a tsakar gida zai ga inda wannan magana ta shafe mu. Zariyar yau ba ta 1975 ba ce. Gonakin da ke tsakanin Samaru da Kwangila sun zama gidaje, ɗakin ƙasa mai rufin azara ya koma bulo da kwano da silin, tabarma ta koma katifar soso da kafet, yaro na wuni a ɗaki da aji fiye da yadda ubansa ya yi. Babu mamaki ciwon da aka ce da wuya ake gani ya zama wanda kusan kowane malamin firamare ya san ɗalibi mai shi.

Sai dai kada wannan ya sa a ɗauka ɗan ƙauye ya tsira. Zagaye na uku na binciken ISAAC ya nuna wani abu mai tayar da hankali: ƙasashe masu arziki sun fi yawan yara masu kukan ƙirji, amma a ƙasashe matalauta ne ciwon ya fi tsanani a jikin waɗanda ke da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ke da asma, ta kashe 455,000, kuma mafi yawan mace-macen a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ne. Inda ciwon ya fi yawa daban, inda ya fi kisa daban.

Wannan ya kawo mu ga abu na biyu, su wa ciwon ke yi wa mummunan tashi. A Amurka an daɗe ana cewa zaman tsakiyar birni ne ke haddasa fuka, saboda yadda yaran unguwannin talakawa irin Bronx da Harlem a birnin Niyok suka cika sashen gaggawa. A 2015 masu bincike daga Jami'ar Johns Hopkins suka duba yara sama da 23,000 a faɗin ƙasar, suka tarar in an cire tasirin talauci da launin fata, zaman tsakiyar birni shi kaɗai bai ƙara yawan masu ciwon ba. Bayan shekara biyu suka sake dubawa ta wata fuska, suka ga cewa a cikin yaran da ke da ciwon, mazauna waɗannan unguwanni sun fi zuwa sashen gaggawa, sun fi kwanciya a gadon asibiti. Wato unguwa ba lallai ta sa maka ciwon ba, amma ita ke yanke yawan daren da za ka kwana a zaune. A 2020 kuma wani bincike a birane takwas na jihar Kalifoniya ya gano cewa unguwannin da hukuma ta shata wa jan layi a taswira a shekarun 1930, ta hana a ba mazaunansu bashin gina gida saboda yawancinsu baƙaƙe ne da baƙin haure, har yau zuwan masu fuka sashen gaggawa daga cikinsu ya ninka na unguwannin da aka yi wa koren layi sau 2.4. Hukuncin da aka yanke a ofis sama da shekara tamanin da suka wuce yana fitowa a ƙirjin jikoki.

A Landan, wata yarinya mai suna Ella Adoo-Kissi-Debrah ta rasu a watan Fabrairun 2013 tana da shekara 9, bayan an kai ta asibiti kusan sau 30 cikin shekara uku. Gidansu na dab da wani babban titi mai cunkoso. Mahaifiyarta ta yi ta fafutuka har a watan Disambar 2020 kotun binciken musabbabin mutuwa ta yanke cewa gurɓatacciyar iska na cikin abin da ya kashe ta, karo na farko da aka rubuta haka a takardar mutuwar wani a Birtaniya. Ina tuna wannan yarinya duk lokacin da na ratsa Kwangila da yamma, in ga tireloli sun yi layi suna fitar da baƙin hayaƙi, ga yara masu tallar ruwa da gyaɗa a tsakaninsu, tsayinsu daidai bakin salansa. Hanyar Kaduna zuwa Kano ta nan take bi, ta Funtuwa da Sakkwato ma ta nan take rabuwa. Yaron da ke kwana a gefen wannan titi da wanda ke kwana a rukunin gidajen ma'aikatan jami'a a Samaru, cikin bishiyoyi, ba iska ɗaya suke shaƙa ba, ko da tsakaninsu tafiyar minti goma ce.

Amma a wurinmu hayaƙin da ya fi kusa da hancin yaro a cikin gida yake. Icce da gawayi da risho, janareton da aka ajiye ƙarƙashin taga don gudun ɓarayi, bolar da ake cinna wa wuta da leda da taya a ciki, igiyar leƙo a damina, fiya-fiya da ake fesawa a rufe ɗaki, turaren wuta da kowace mace mai tsafta ke alfahari da shi, sigarin maigida. A ƙauye ga ƙaiƙayin sussuka da ƙurar injin casa da hayaƙin karan da ake ƙonawa lokacin sharar gona. Lokutan shekara ma kowanne da nasa. Kowa ya san hunturu, lokacin da iska ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele a arewacin Chadi ta lulluɓe gari da hazo, ga sanyi, ga mura na zagaya aji. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne damina. Wancan bincike na 1975 ya samu cewa kashi 45 cikin 100 na marasa lafiyar a damina ciwonsu ya fi tsanani, kuma da aka kakkaɓe katifu aka duba ƙurar an tarar da wasu mitsi-mitsin ƙwari da ido ba ya gani, masu son ɗumi da danshi, waɗanda kashinsu ke tayar da fuka. Gidan da ke kwari kusa da Kubanni ko Galma, wanda bangonsa ke jiƙa har ya yi fumfuna a watan Agusta, yana da nasa lokacin wahalar da ba ruwansa da hazo.

Ga yadda daren ke kasancewa a gidaje da yawa. Watan Disamba, ɗaki ɗaya, mutum shida. An cusa tsumma a kafar taga, an shigo da kaskon gawayi don ɗumi, an ɗan barbaɗa turare a kai. Wajen ƙarfe biyu yaro ɗan shekara biyar ya tashi zaune, ya dafa gwiwoyinsa, kafaɗunsa na ɗagawa da kowane numfashi. Ramin da ke ƙasan maƙogwaronsa na lotsawa, fatar tsakanin haƙarƙarinsa na shigewa ciki. Uwar ta haska shi da fitilar waya, ta taɓa mijinta.

"Malam, tashi ka ga yaron nan. Numfashinsa bai yi mini ba."

"Sanyi ne. Shafa masa man zafi ki lulluɓe shi. In Allah ya kai mu asuba sai a je kemis."

Ba rashin tausayi ne ya sa ya faɗi haka ba. Lissafi yake yi a cikin duhu: babu ɗan acaba a wannan sa'a, in ma akwai kuɗin dare daban ne, ga kati, ga magani, ga abin da ke aljihu. Uwar kuwa ba za ta fita da tsakar dare ita kaɗai ba, in maigida na tafiya sai an tashi wani babba a gidan ya ba da izini. Wannan jiran asuba shi ne abu na uku, kuma a ganina shi ya fi kowanne nauyi a ƙasar Zazzau.

Tun 2005 asibitin koyarwa ya koma Shika. Mutumin cikin birni, in can za shi, sai ya fito Ƙofar Doka, ya ratsa Tudun Wada da PZ da Kwangila, ya wuce Samaru. Akwai na kusa, Asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, da na Wusasa, da Cibiyar Lafiyar Yara ta Banzazzau, da masu zaman kansu ga mai hali. To ina wanda ke wani ƙauye bayan Soba ko Makarfi, ko can cikin Giwa inda rashin tsaro ya sa ba a bin hanya in rana ta faɗi? Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin shatar mota kaɗai na iya cinye kuɗin buhun masara. A ko'ina a duniya zuwa asibiti na raguwa gwargwadon nisa, kuma fuka ciwo ne da ke iya kashewa cikin sa'o'i. A Birtaniya ma, inda motar asibiti kyauta ce, binciken da aka fitar a 2014 kan mutum 195 da asma ta kashe ya samu cewa kashi 45 cikin 100 sun rasu ba su nemi taimako ba, ko kafin taimakon ya iso. Idan haka ne a can, shirun da wani ƙauye ya yi a rajistar asibiti ba albishir ba ne. Yaron da ya cika a hanya ko a ɗakin uwarsa ba ya shiga littafin kowa. Za a ce sanyi ne ya shige shi, a yi masa sutura kafin azahar.

Wanda ya kai asuba kuwa, yawanci kemis ne asibitinsa. Ba na cikin masu zagin masu kemis, domin su ne ke buɗe a lungu lokacin da ba kowa, su ne ke ba da bashi. Matsalar tana cikin abin da ake saya. Uwa ta ce a ba ta maganin tari na abin da ke hannunta, sai a haɗa mata maganin tari na ruwa, da maganin kashe ƙwayoyin cuta, da salbutamol na sha, wani lokaci da ƙwayar prednisolone ko allura. Salbutamol na sha yana jinkirin aiki, yana sa bugun zuciya da karkarwar hannu fiye da na shaƙa, shi ya sa likitoci suka daina ba da shawararsa, amma ya fi araha kuma ana sayar da shi ƙwaya-ƙwaya. Prednisolone na ceton rai in an ba da shi na 'yan kwanaki lokacin tashi mai tsanani, amma yaron da ake ɗura wa shi duk wata zai kumbura, ƙashinsa ya yi rauni, girmansa ya tsaya. Inhela kuwa, bayan kamfanin GSK mai Ventolin ya sanar a watan Agustan 2023 cewa zai daina kasuwanci kai tsaye a Najeriya, ga kuma faɗuwar naira, farashinsa ya ninka har ya fi ƙarfin gidaje da dama. Na kwantar da kumburi ya fi tsada, ya fi wuyar samu, kuma da ka bar manyan shagunan magani na Sabon Gari da Tudun Wada da Samaru samunsa sai an dace.

Ko an isa asibiti ma akwai wani rami. Ƙaramin yaro mai tari da saurin numfashi, abin da ke fara zuwa zuciyar ma'aikacin lafiya shi ne limoniya, kuma yana da hujja, don limoniya na cikin manyan masu kashe yara a Najeriya. Amma a asibitin Mulago da ke Kampala an bi diddigin yara 614 'yan ƙasa da shekara biyar da aka kawo da tari da wahalar numfashi, a binciken da aka wallafa a 2013, sai aka tarar kashi 41 cikin 100 ciwonsu dangin fuka ne, kuma kusan dukkansu an rubuta musu maganin kashe ƙwayoyin cuta. Shi ya sa tsarin kula da yara na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce in ƙirjin yaro na kuka a fara ba shi maganin shaƙa har sau uku, a sake ƙirga numfashinsa, kafin a ce limoniya ce. Inda babu inhela a cibiya wannan umarni a takarda yake tsayawa. Uwar da za ta ce maka ɗanta ya yi limoniya sau huɗu bana, a tambaye ta ko yana tari da dare ko ba mura, ko gudu na sa shi haki da kukan ƙirji, ko akwai mai fuka ko yawan atishawa a dangi. A 2024 wani bincike a makarantun birane shida na Afirka, har da Legas da Kumasi, wanda ya shafi ɗalibai kusan 27,000, ya samu cewa kusan takwas cikin goma na masu alamun asma ba a taɓa gaya musu sunan ciwonsu ba. Waɗannan yaran birni ne, 'yan makaranta.

Sai ɗaya ɓangaren, yaran da nas-nas suka san su da suna saboda yawan zuwa. A kawo shi yana haki, a sa masa nebulaiza, wato na'urar da ke mayar da magani kamar tururi a shaƙa, da oksijin, numfashi ya dawo, a sallame shi, bayan wata ɗaya ya dawo. Iyaye na ganin asibiti ya yi ƙoƙari, kuma ya yi. Amma kowace dawowa shaida ce cewa tsakanin wancan zuwa da wannan babu abin da aka yi wa kumburin. Unguwar da ke kusa da asibiti za ta cika rajista da irin waɗannan, a ɗauka ciwon ya fi yawa a can, alhali sauƙin zuwa ne ya haɗu da rashin kulawar yau da kullum. Finlan ta nuna ana iya karya wannan zagaye. Daga 1994 zuwa 2004 ta gudanar da shirin ƙasa wanda ya mayar da kula da asma ƙananan cibiyoyin lafiya, kowace da likita da nas da aka ɗora wa alhakin ciwon, aka riƙa fara maganin kwantar da kumburi da wuri, aka koya wa marasa lafiya abin yi in alamu sun fara. Masu shan magani suka ƙaru, kwanakin jinya a gadon asibiti suka ragu da kashi 54 cikin 100. Ba sabon magani suka ƙirƙiro ba, wanda ake da shi suka kai kusa da mutane.

Akwai shingen da ba kuɗi ba ne, kuma dole mu faɗa wa kanmu gaskiya a kai. Mutane da yawa na tsoron inhela. Ana cewa in yaro ya fara shi ke nan ya saba, ko kuwa na wanda ciwonsa ya kai gargara ne. Na ji uwa na roƙon a ba ta na sha ko allura, kada dai a ga 'yarta da abin shaƙa a makaranta, maganar ta bi ta har lokacin aure. Wannan ya fi komai ci mini rai, domin abin da ake gudu shi ne mafi sauƙi a jikin yaron. Maganin shaƙa kai tsaye yake zuwa huhu, ɗan kaɗan ne ke shiga jini, kuma ba ya sa jaraba. Na kwantar da kumburi na iya rage wa yaro kusan santimita ɗaya na tsayi, ana kuma so a kurkure baki bayan an shaƙa, amma wannan ba a haɗa shi da illar ciwon da aka bari yana tashi. Addu'a da tofi ba su hana magani ba. Tsagar ƙirji da cire belu kuwa ba sa buɗe hanyar iska, sai dai su ƙara wa yaro zubar jini da jinkiri.

Wani abin kuma, ko an sayi inhela, yaro ba ya iya haɗa dannawa da jan numfashi a lokaci ɗaya, sai maganin ya tsaya a harshe a ce jabu ne. Ana bukatar wani ɗan bututu tsakanin inhela da baki. Na kamfani na da tsada, amma a 1999 Farfesa Heather Zar da abokan aikinta a Kef Tawun suka nuna cewa gorar roba ta lemo mai cin mililita 500 tana aiki daidai da shi. A wanke ta da sabulu a bar ta ta bushe da kanta ba a goge ba. A ɗumama waya a wuta a huda gindinta daidai siffar bakin inhela, a cusa shi ya zauna dam. A girgiza, yaro ya kama bakin gorar da leɓɓansa, a danna sau ɗaya, ya yi numfashi biyar ko shida, sannan a sake dannawa gwargwadon yadda likita ya ce. Ga tashin da bai kai na neman oksijin ba, wannan na yin aikin nebulaiza, kuma ba ya jiran wutar lantarki.

Jihar Kaduna na da mazaɓu 255, kuma manufar gwamnati ita ce kowace ta samu cibiyar lafiya matakin farko mai aiki. Akwai hukumar inshorar lafiya ta jiha, KADCHMA, akwai asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa. Abin da fuka ke nema daga wannan tsari bai da yawa: inhela iri biyu a kan kanta a kowace cibiya, cikin jerin magungunan da inshora ke biya, da gora, da ma'aikaci ɗaya da ya san bambancin fuka da limoniya kuma zai ce wa uwa ta dawo da yaron bayan wata ɗaya ko da lafiyarsa ƙalau. Masu kemis a jawo su a koya musu, tunda wurinsu ake fara zuwa ko an so ko an ƙi. Malaman firamare da na Islamiyya su bar yaro ya riƙe inhelarsa a aljihu, a kuma ɗauke masa sharar aji da hunturu. Iyaye su san alamun da ba a jiran asuba da su: yaro ya kasa gama magana, ya kasa shan ruwa ko kama nono, leɓe da harshe su yi duhu, ya fara gyangyaɗi, ko kukan ƙirjin ya ɗauke alhali yana ci gaba da wahala, domin wannan na nufin iskar ta kusa daina wucewa.

Su kuma masu riƙe da rajista a sashen gaggawa, a riƙa rubuta unguwa ko ƙauyen da yaro ya fito, da sa'o'in da aka yi kafin a kawo shi, da abin da aka ba shi a hanya, da ko ya taɓa zuwa a bana. In an tara na shekara guda aka shimfiɗa a kan taswirar ƙasar Zazzau, unguwannin da sunansu ke ta maimaituwa su ne za a kai wa maganin kwantar da kumburi, a duba hayaƙin da ke kewaye da su. Garuruwan da ba su fito ba ko sau ɗaya kuwa, can za a tura ma'aikata su shiga makarantu da gidaje su saurari ƙirjin yara, kamar yadda aka yi a Transkei.